Foldar Muryar Baba

Ranar Alhamis likitoci suka cire wa surukina wurin da murya ke fitowa a maƙogwaro, saboda ciwon daji. Ranar Asabar da hantsi, ina banɗaki ina aski, matata ta kira ni daga falo da irin muryar da take yi in ta ga kunama a ɗaki amma ba ta son yara su firgita. Na fito da kumfa a rabin fuska. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, laftof ɗinta a cinya. Ta juyo min da allon.

Foldar da muke ajiye muryar mahaifinta ce a buɗe. Fayil uku na gani a ciki, alhali goma sha tara ya kamata a gani.

Na ce mata ba komai ba ne, na san matsalar, minti goma ya ishe ni. Ƙarya nake yi. Ban san matsalar ba.

Baba, wato surukin nawa, shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koya wa mutane tuƙin mota, yana zaune a gefensu yana zuba tun safe har yamma, kuma da ya ajiye aikin bai ajiye zubar ba. Abokansa Rediyo suke ce masa. Ni a ganina sun yi masa sassauci, don rediyo ana iya kashe shi. Da ciwon ya matsa sai muka dawo da shi gidanmu, muka ba shi ɗakin da ke kusa da kicin. Ranar da likita ya tsayar da ranar aikin tiyata, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin ba zai ƙara magana da muryarsa ba, Baba ya dawo gida ya yi shiru na kusan awa guda, abin da ba mu taɓa gani ba. Sannan ya ce yana so a naɗi muryarsa. Kowace rana mutum ɗaya zai yi wa magana: jikoki ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya, ƙannensa biyu, da wasu abokai. Ya rubuta jerin sunayen a bayan kalanda ya liƙa a bango. Matata, wadda yake kira Auta, ita ya sa a rana ta ƙarshe.

Wan matata, wanda duk muke kira Yaya, ya ce a ba shi waya kawai ya riƙa dannawa yana magana. Ni kuwa a sashen kwamfuta nake aiki a wata makaranta, Baba ma Injiniya yake ce min, rabi yabo rabi tsokana. Na yi dariya, na ce waya ai faɗawa ruwa take yi, ko a zare ta a aljihu. Muryar Baba ba abin wasa ba ce, a bar min. Har yau ina jin yadda na faɗi "a bar min" ɗin nan, da hannu a ƙirji.

Na'ura uku na haɗa. Akwai wata kwamfutar tebur da na daɗe da jinginewa a sito, muna ce mata Tsohuwa. Na kai ta ɗakin Baba, na sa mata makirfo mai kyau. Akwai ɗan baƙin akwatin ajiya da ke zaune a kan kabad a falo kusa da na'urar intanet, mai cikin da zai ɗauki hirar Baba ta shekara goma, muna ce masa Akwati. Sai laftof ɗin matata. Kowace da irin tsarin da ke tuƙa ta. Na laftof irin na ofisoshi ne da kowa ya sani, na Tsohuwa irin na kyautan nan ne da ake rubuta wa umarni a baƙin allo, Akwati kuma yana da nasa. Ba sa jin maganar juna sai ta wani yare guda da aka yi don raba folda tsakanin na'urori.

A tsarin Tsohuwa ba a ganin foldar wata na'ura haka kawai. Sai ka buɗe wata folda da ba komai a cikinta, sannan ka umarci kwamfutar ta ɗauko foldar can ta ɗora a kan wannan. Ɗorawa muke ce wa abin a wurin aiki. In ta ɗoru, duk abin da ka jefa a nan, can yake faɗawa. Na rubuta layi ɗaya da zai sa Tsohuwa ta riƙa ɗorawa da kanta duk lokacin da aka kunna ta, na gwada sau uku, ya yi. Na yi wa Baba manyan maɓallai biyu a allo, kore na farawa, ja na tsayawa.

Don kada kwamfuta ta dame shi, na saita ta yadda ko ɗorawar ba ta yiwu ba za ta tashi ba ƙorafi, na kuma ce masa duk rubutun da ya faɗo a allo ya danna ya wuce, ba ruwansa. Shi kuma ya sa ni alkawari. Ya ce ba ni, ba Auta, ba kowa, kada wanda ya leƙa foldar nan sai an gama aiki, don in ya san ana sauraro zai fara gyara magana. Na ce masa ba sai na saurara ba, ƙirga fayilolin kawai zan riƙa yi.

"Injiniya, na san ka," in ji shi. "In ka ƙirga za ka leƙa, in ka leƙa za ka danna."

Na yi alkawari, kuma don neman suna a wurin suruki na cika shi har da ƙari. Kwana goma sha tara ban kalli foldar nan ko da gefen ido ba.

Ranar Juma'a a asibiti, bayan ya farfaɗo sosai, ya nemi takarda da biro ya rubuta wa matata layi ɗaya: ta saurari nata kafin ta zo gobe. Ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe ƙofa ga masu dubiya. Da ta kira ni falon nan, ƙarfe goma da 'yan mintuna ne.

Na goge kumfar da gefen riga na shiga ɗakin Baba. Ɗakin yana nan da ƙamshin man zafinsa. Hularsa ta fita tana rataye a ƙusa, kofinsa da cokali a ciki yana gefen makirfo, ga matashin da yake sakawa a kujera ya lotsa daidai zamansa. A jikin kalandar, kowane suna da alamar da ya yi masa da jan biro. Na ƙirga, goma sha tara cif.

Tunanina na farko mai daɗi ne. Kowace na'ura da sunan da take shiga Akwati da shi, kuma yakan faru tsari biyu su sami saɓani a kan wane ne mai fayil, sai a ɓoye wa ɗaya abin da ɗayan ya ajiye. Na ce to fayilolin suna nan a Akwati, laftof ne kawai aka hana gani, in na duba ta wajen Tsohuwa zan gan su duka. Na kunna ta, na tambaye ta abin da ke ɗore a kanta. Ta jero nata na cikin gida. Foldar Akwati ba ta cikin jerin.

Ban buɗe foldar ba. Kowane ɗan koyo ya san foldar da ba a ɗora wa komai ba fanko ce, me zan gani? Na rubuta umarnin ɗorawa da hannuna. Ta yi jim, ta amsa da layi ɗaya na Turanci, ma'anarsa wai Akwati a kashe yake.

Na leƙa falo. Akwati yana kan kabad, koriyar fitilarsa tana ƙifta min ido. Matata ta ɗago kai, na ce mata saura kaɗan. Na dawo na aika masa ɗan saƙon gwaji daga Tsohuwa, ya amsa nan take, sau huɗu a jere. Wato suna jin juna, gaisawa suke yi, amma da an ce a ba da folda sai a ce ba ya nan. Na bar kiran sa da suna na kira shi da lambarsa. Amsa ɗaya. Na zare kebul ɗin na hura bakinsa, abin da nake yi wa malamai dariya a kai in sun yi, na mayar. Na ɗauko wani kebul daga jakata na canza. Na sake rubuta kalmar sirri harafi-harafi da yatsa ɗaya. Na kashe Akwati na kunna, na tsaya a gabansa minti huɗu ina jiran fitila, matata tana kallon bayana. Amsar dai ba ta canza ba.

Wajen sha ɗaya da rabi matata ta shigo da shayi ta ajiye a gefen kofin Baba. Ta tambaye ni ko ta kira wani. Na ce mata wa za a kira, ai ni ake kira. Na faɗe shi da zafi, ta kalle ni ta fita. Ba ita nake jin haushi ba, tsoro ne ya cika ni, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa yake zama.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na buɗe littafin da Tsohuwa ke rubuta wa kanta duk abin da ya same ta. Can ƙasa na ga layin: ta nemi magana da Akwati da tsohon salon yaren, mai lamba ɗaya, shi kuma ya ƙi. Na shiga shafin Akwati ta laftof na duba nasa littafin. Ranar Litinin da yamma, rana ta uku da fara naɗin, ya sabunta kansa, kuma sabuntawar ta rufe tsohon salon saboda tsaro. Laftof ɗin matata da sabon salo yake magana, shi ya sa bai ma san an yi ba. Tsohuwa kuwa ni na rubuta mata lamba ɗaya a layin nan, na kwafo daga wani tsohon littafina ba tare da na yi tunani ba. Tun safiyar Talata, kullum Baba ya kunna ta sai ta nemi ɗorawa, a ƙi ta, ta yi shiru kamar yadda na koya mata, ta nuna masa koren maɓalli.

Na goge ɗaya na rubuta uku. Na danna. Ba ta ce komai ba, wanda a wurinta shi ne amincewa. Foldar ta ɗoru. Har na sauke ajiyar zuciya, na kurɓi shayin da ya huce, na buɗe.

Fayil uku. Asabar, Lahadi, Litinin.

Na rufe na sake buɗewa, kamar mai sake leƙa firiji ko wani abu ya ƙaru. Na sa ta nuna har ɓoyayyun fayiloli. Na shiga Akwati da sunan mai cikakken iko, wanda ba a ɓoye wa komai, na duba foldar, na duba kwandon shararsa. Ba komai. Sannan na umarci Tsohuwa ta bincike cikinta kaf, ta kawo min duk wani fayil na sauti. Ta ɗauki minti shida tana gurnani. Ta kawo ukun nan, da ƙararrawar da take yi in an kunna ta.

Na jingina da kujera. Abin da ya zo min shi ne, manhajar naɗin ta nemi wurin ajiya ba ta samu ba, sai ta riƙa zubar da sautin. Na ga Baba a idona, kowace safiya ya yi wanka, ya sa hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerar nan da nake kai, ya yi awa biyu, wani lokaci uku, yana yi wa bango magana. Muna jiyo shi daga kicin yana dariya shi kaɗai, yana tari, yana tsayawa ya sha ruwa ya ci gaba. Likita ya ce ya rage magana don maƙogwaron yana jini, bai rage ba. Kwana goma sha shida ya ƙarar da ragowar muryarsa a cikin makirfon da na sa masa, kuma muryar yanzu ba ta duniya, an yanke ta ranar Alhamis an jefa a kwanon asibiti.

Gumi ya jiƙa min riga duk da fanka tana juyawa. Na tashi na rufe ƙofa a hankali don kada matata ta ga fuskata. Na fara shirya ƙarya, ba zan ɓoye ba. Na ce zan ce ɗauke wuta ne ya ƙona wani abu. Na ce zan ce sabuntawar Akwati ce ta goge su. Kowace ƙarya na gina sai in tuna cewa ƙirgawa ɗaya tak a rana ta huɗu da ta isa, kuma ba wanda zai san na ƙirga. Ba na tsoron zagi, da ma za a zage ni da na ji sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ƙarfe huɗu, in tsaya a gaban mutumin da ba zai iya ce min komai ba.

Bayan azahar Yaya ya iso, shi zai kai mu asibiti a motarsa. Kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, kamar Baba ya cinye rabon gidan duka. Ba ya taɓa cewa "ai na gaya maka", kallon ka kawai zai yi, kuma kallon ya fi maganar ciwo. Na ji suna ƙus-ƙus da ƙanwarsa a falo, sannan ya ƙwanƙwasa ya shigo ya zauna a bakin gado. Ya tambaye ni nawa aka samu. Na ce uku. Ya juya yana kallon kalandar.

Can ya ce akwai abin da bai sani ba ko yana da amfani. Ranar Laraba, ranar ƙarshe, kafin su tafi asibiti, Baba ya kira shi ya kawo masa ruwa bai daɗe da fara naɗin ba. Da ya shigo ya ga wani ɗan rubutu da jar alama a tsakiyar allon. Ya nuna wa Baba, Baba ya ce Injiniya ya ce a danna a wuce, ya danna, ya kore shi waje.

Na tambaye shi me rubutun ya ce.

"Turancina ba nisa," in ji Yaya. "Amma na ga kamar wuri ne ya ƙare."

Wuri ya ƙare. Akwati ko kashi ɗaya cikin ɗari bai ci ba, na gani da idona ɗazu. In wuri ya ƙare, to ba a Akwati ba ne. Na juya na tambayi Tsohuwa nawa ya rage a cikinta. Ta ce babu, ta cika maƙil. Na sa ta auna duk abin da take gani a cikin nata, folda-folda, ta haɗa jimla. Jimlar ba ta kai rabin cikinta ba. Akwai wani abu mai nauyi zaune a cikinta wanda ita kanta ba ta ganin sa.

Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu kafin kaina ya buɗe. Manhajar ba ta zubar da komai ba. An ce mata ta ajiye a foldar nan, ta je ta tarar da folda, ba ruwanta da ko an ɗora mata wani abu ko ba a ɗora ba, ta ajiye. Kwana goma sha shida muryar Baba tana faɗawa cikin fankon foldar da ke cikin Tsohuwa. Ni kuma da safen nan na zo na sha wahalar awa biyu, na ɗauko foldar Akwati na shimfiɗa a kai, kamar wanda ya shimfiɗa tabarma a kan makullin da yake nema. Da na buɗe foldar nan ƙarfe goma, kafin in taɓa komai, da na gan su.

Ban gaya wa Yaya ba, don in ba haka ba ne ban san yadda zan yi da fuskata ba. Na rubuta umarnin sauke foldar. Ta ƙi, ta ce ana amfani da ita. Na ɗauka wani abu ne ke rubutu a ciki, ashe ni ne na bar tagar foldar a buɗe a allo. Na rufe tagar na sake rubutawa. Ta sauka. Na yi bisimilla a fili, abin da ya sa Yaya ya taso ya tsaya a bayana, na buɗe.

Suna nan. Talata, Laraba, Alhamis, a jere har ƙasa. Na ƙirga da yatsa a jikin allon, goma sha shida. Yaya ya dafa kafaɗata ya matse har na ji zafi. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, ban ma ji kunya ba. Kafin in ƙara numfashi na soka faifan ajiya na aljihu na fara kwafewa, don ban ƙara yarda da kaina ba, balle na'ura.

Ina kallon su suna wucewa ɗaya-ɗaya ne idona ya kai kan girmansu. Da na saita naɗin, na zaɓi mafi ingancin sauti, irin na ɗakin watsa labarai, don a ce aikina ya yi kyau, kuma irin wannan sautin wuri yake ci ba kaɗan ba. Kowane fayil ƙato ne, awa biyu, awa biyu da rabi, na Yaya har awa uku. Su suka cika Tsohuwa, wadda cikinta da ma ba yawa. Na ƙarshe, na ranar Laraba, ɗan mitsitsi ne a ƙasansu. Na duba tsawonsa. Daƙiƙa hamsin da biyu.

Na tambayi Yaya tsawon lokacin da Baba ya yi a ɗaki ranar. Ya ce ya kusa awa biyu, har sai da ya buga masa ƙofa don kada su makara, kuma da ya fito idonsa ja ne. Sai shi ma ya kalli lambar, ya gane. Ya sauke hannunsa daga kafaɗata.

Na gwada abin da ake gwadawa. Na duba inda manhajar ke ajiye guntayen wucin gadi, na duba ko fayil ɗin ya fi abin da yake nunawa. Ba komai. Abin da ba a rubuta ba, ba a dawo da shi.

Ni na kira matata da kaina. Ta shigo tana goge hannu da zane, ta ga jerin a allo, fuskarta ta washe, ta ce, "Abban yara, ka same su." Na ce na sami na kowa. Na ce nata ne ya yanke, kuma ba wuta ba ce, ba Akwati ba ne, ni ne. Na gaya mata duka a tsaye, da lamba ɗayan, da "danna ka wuce", da sautin da na zaɓa don burga. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in kunna.

Ƙarar kujera ce ta fara fitowa, sai gyaran murya, sai ƙarar cokali a kofi. Sannan muryarsa, a dishe amma tasa ce, ta cika ɗakin har Yaya ya juya baya. Ya yi sallama, ya faɗi ranar da kwanan wata kamar mai karanta labarai, ya ce yau za a kwantar da shi. Ya yi tari mai tsawo.

"Auta, gyara zama. Ke na bari ƙarshe, don in na fara da ke ba zan iya yin na sauran ba. To, ki ji. Tun kina—"

Shi ke nan.

Ta sa na maimaita sau uku. A na ukun ta ɗaga hannu tun kafin ya kai ƙarshe, na tsayar. Ta fita, muka ji tana zuba ruwan zafi a filas, tana ninke tawul ɗin da za a kai masa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Muka kama hanyar asibiti a motar Yaya. Ina baya, faifan yana aljihun rigata, ina taɓa shi kowane minti. Duk jar fitilar da ta tsayar da mu sai in ji daɗi, in ta ba da hannu sai in so ta gaba ta tsayar da mu. A matakalar asibitin na tsaya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Gadonsa na uku ne daga taga. An ɗaga masa kai, wuyansa a naɗe da farin bandeji, ga bututu a hanci, ga wani ƙarami a ƙasan wuya inda yake numfashi yanzu, yana fito a hankali. Ya rame a kwana biyu. Da ya gan mu idonsa ya yi haske, ya lalubo takarda da biro daga gefen matashi tun kafin mu gama gaisuwa. Ya rubuta, ya juyo wa matata: Kin ji?

Ta buɗe baki, na ga za ta ce e. Na san ta, za ta ce e don ta rufa min asiri, ta kuma hutar da shi, sannan ta zauna da abin ita kaɗai har ƙarshen ranta. Na riga ta. Na durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ba ta ji ba. Na kowa yana nan lafiya, na Auta ne ya yanke tun a farko. Rubutun da na ce ka danna ka wuce, shi ne. Laifina ne."

Ya kalle ni. Ban san tsawon kallon ba, na dai ji fiton bututun nan sau da yawa. Ya ɗaga biro, ya sa bakinsa a takarda, ya tsaya. Ya kalli 'yar takardar, mai faɗin tafin hannu. Sai ya ajiye biron a kan bargo.

Ya yafito matata. Ta matso, ya nuna mata bakin gado ta zauna, ya sa hannu ya gyara mata zama yadda fuskarta za ta kalli tasa. Ya lashi leɓe. Sannan ya fara magana. Leɓɓansa suna motsi, girarsa tana ɗagawa, hannunsa yana zagaya iska yadda ya saba, amma ba abin da ke fitowa sai fiton bututu. Ya faro daga farko, na gane sallamar a bakinsa, na gane "Auta". Daga nan ban ƙara gane komai ba.

Ita ma na san ba ta gane rabi ba. Amma ta kafe bakinsa da ido ko ƙiftawa ba ta yi, tana gyaɗa kai, in ya yi alamar dariya ta yi, in ya tsaya ta jira shi. Yaya ya ja labule ya kewaye gadon, ya kama hannun rigata, muka fito baranda muka zauna a benci.

Da nas ta zo kaɗa ƙararrawar tashi ƙarfe shida saura, ta leƙa labulen, ta daɗe a tsaye, sannan ta sake shi ta wuce gado na gaba. Baba bai gama ba tukuna.